Caja, Batir da Igiya: Haɗa wa Amfilifayar Aljihu Kaya Ba Tare da Ɓarnar Kuɗi Ba

Wanda ya sayi ƙaramar amfilifaya ta aljihu, irin wadda ake sawa tsakanin waya da hedifon don sauti ya cika kunne, ba ya daɗewa sai ya gane cewa sayayya ba ta ƙare ba. Ya buɗe kwali ya tarar da guntuwar igiya ɗaya, babu kan caja, wani lokacin ma babu batir. Daga nan mutum biyu ke jiran aljihunsa. Akwai mai teburin bakin titi da zai miƙo masa caja marar nauyi ya rantse orijinal ce, akwai kuma mai talla a intanet da zai ce masa sai da igiyar azurfa zai ji ainihin muryar mawaƙi. Na farkon zai iya ƙona maka kaya. Na biyun kuɗinka kawai zai ci. A ra'ayina, in kuɗinka ƙalilan ne, ka zuba su a kan wuta, wato caja da batir, igiya kuwa ka sayi gajera mai ƙarfin kai ka wuce wurin.

Ba kowane hedifon ke buƙatar wannan na'ura ba. Iyafis na yau da kullum mai turjiyar om 16 ko 32 waya na iya ɗaukar nauyinsa ita kaɗai. Manyan hedifon na masu haɗa sauti a situdiyo, kamar Beyerdynamic DT 770 mai om 250 ko Sennheiser HD 600 mai om 300, su ne ke yin sanyi in an jona su a waya kai tsaye, ka ƙure maɓalli amma kiɗan na can nesa. Tun da kuma Apple ya cire ramin iyafis daga iPhone 7 a 2016, sauran kamfanoni suka bi sahu, ƙananan amfilifayoyin suka ƙara samun kasuwa.

Ka fara sanin irin taka

Iri uku ne a hannun mutane. Akwai mai batirin litiyam a cikinta da ake caja ta USB, kamar na kamfanonin FiiO da Topping na birnin Guangzhou a China. Akwai 'yar mitsitsiya marar batir da ke maƙale a bakin waya tana shan wuta daga wayar. Sai kuma ta masu haɗa kayansu da hannu, mai aiki da batirin nan mai kusurwa huɗu na bolt 9. A cikin wannan jinsi akwai CMoy, wadda Chu Moy ya wallafa tsarinta a ƙarshen shekarun 1990 mutane suka riƙa haɗa ta a cikin gwangwanin alewar Altoids, da kuma Objective2, wadda aka fi sani da O2, ta 2011.

Kowace iri ce, kafin ka fita kasuwa ka juya ta ka karanta ɗan rubutun da ke kusa da bakin caji ko a takardar kwali. Za ka ga abu kamar 5V 1A. Lambar farko bolt ce, kuma ita ba a ciniki a kanta: abin da aka rubuta shi za a ba ta, ba ƙari ba ragi. Lamba ta biyu amfiya ce, a nan kuwa yawa ba ya cutarwa. Kamar tuwo ne a faranti, kowa iya cikinsa yake ɗiba. Caja mai amfiya 2 ba za ta ɗura wa na'ura mai neman amfiya 1 abin da ya fi ƙarfinta ba. Wadda ta gaza ita ce matsala, domin za ta yi ta zafi tana wahala, cajin kuma ya ƙi cika.

Kan caja

Ga mai caji ta USB, kan caja na gaskiya mai bolt 5 da amfiya 1 ko 2 ya wadatar. Wanda ya zo a kwalin tsohuwar wayarka, wanda 'yan kasuwar waya ke kira folokom, ya fi sabon da ba ka san asalinsa ba, kuma ba ka biya ko sisi ba. Ba ka buƙatar mai saurin caji na wat 45 ko 65. Irin waɗannan cajoji suna farawa ne daga bolt 5, ba sa hawa 9 ko 12 ko 20 sai na'urar ta nema da kanta, saboda haka na gaskiya ba zai yi ɓarna ba, amma ka biya kuɗin ƙarfin da amfilifayarka ba za ta taɓa nema ba.

Akwai wani abu da ke rikita mutane. Ka sayi amfilifaya mai bakin USB-C, ka sa mata igiya mai C a kai biyu, ta ƙi caji sam, ka ɗauka ta lalace. Yawanci lafiyarta lau. Ƙa'idar USB-C ta ce sai na'ura tana da wasu ƙananan rezisto biyu na om 5,100 a bakinta kafin caja ta sakar mata wuta, wasu masu ƙera kayan araha kuma suna tsallake su. Magani shi ne igiya mai faffaɗan kai na da, wato USB-A, a gefe ɗaya da C a ɗaya gefen, domin shi tsohon bakin kullum da bolt 5 ɗinsa a buɗe.

Cajar jabu kuwa ba batun sauti kaɗai ba ne, batun rai ne. A cikin wannan ɗan akwati, tsakanin bolt 230 na bango da bolt 5 da ke zuwa hannunka, tazarar 'yan milimitoci ce da ɗan abin kariya, kuma wurin da mai jabu ke rage kuɗi ke nan. A 2016 cibiyar gwajin kayan lantarki ta UL ta gwada jabun cajojin Apple guda 400, uku kacal suka tsallake gwajin kariya daga jan wuta. Ka tuna kai kuma ƙarshen wannan layi a kunnenka yake. Alamun jabu ba ɓoyayyu ba ne: ba ta da nauyi, rubutun jikinta ya dushe ko akwai kuskuren harafi, ƙafafunta na rawa, tana ɗan tsuwa in an jona ta, gilashin waya na danna kansa da kansa lokacin caji, ko ka taɓa jikin ƙarfen amfilifaya ka ji yana ɗan tsikarinka. Ko ɗaya ka gani daga cikin ukun ƙarshe, cire ta ka jefar.

Gwajin kunne

Ko caja ta gaskiya tana iya zama mai surutu. Cajojin zamani suna kunna wuta suna kashewa sau dubbai a daƙiƙa ɗaya, waya ba ta damu da hakan ba, amma aikin amfilifaya shi ne ƙara girman duk abin da ya shigo mata, har da dattin wuta. Gwajin ba ya buƙatar kayan aiki. Da dare, in gari ya yi shiru, ka kashe fanka, ka sa iyafis mafi saurin ɗaukar sauti da kake da shi, ka jona wayar amma kada ka kunna komai. Ka murɗa ƙara a hankali zuwa inda ka saba saurare, ko sama kaɗan. Ka saurari shirun amfilifayar tana kan batirinta. Sannan ka jona caja. In ka ji wani siririn kuka ya shigo, ko shuuu ya ƙaru, ko ƙugi mai kauri, cajar ce. Ka gwada wata. Kafin ka kunna waƙa ka tabbata ka mayar da ƙarar ƙasa, kunne ba shi da safaya.

Ƙugi mai kauri da ba ya canzawa yawanci na wutar bango ne, mai bugawa sau 50 a daƙiƙa a Nijeriya da Nijar da maƙwabtansu. Ya fi fitowa in amfilifaya na jone da kwamfutar cinya, ita ma kwamfutar tana kan caji, ga kuma wata caja daban a jikin amfilifayar. Zare ɗaya daga cikin cajojin ka ji ko ya ɗauke. Wutar ƙaramin janareta da ta inbata mai araha sun fi ta bango datti, sukan ƙara nasu zizar. Wasu masu gyara za su ce a karya ƙafa ta uku ta fulogi, wato ta ƙasa. Ƙugin na iya tafiya, amma kariyarka ce ka karya. Mafi sauƙi, kuma shi nake yi wa kowa nasiha da shi: a yi caji daban, a yi saurare daban. An sa wa na'urar batir ne don haka.

Fawa banki

Inda wuta ke zuwa tana ɗaukewa, fawa banki ya fi kowace caja amfani, kuma tunda ba shi da haɗi da bango, ƙugin nan na 50 ba ya biyo shi. Ba ka buƙatar ƙato. Batirin yawancin amfilifayoyin aljihu bai kai na waya ba, don haka mai 10,000 mAh ya isa har da ragowa. Sai dai ka san lissafin. Wannan lamba an auna ta ne a kan bolt 3.7 na ƙwayoyin batirin da ke ciki. In aka ɗaga zuwa bolt 5 ta koma 7,400 a takarda, in aka cire abin da ke tafiya a zafi sai ka tashi da wajen 6,000 zuwa 6,500. Ba cuta ba ce, haka abin yake ga kowane kamfani. Cuta ita ce wanda bai fi tafin hannu ba aka rubuta masa 50,000. Na gaskiya mai 10,000 nauyinsa na kusan giram 200, ko da yake nauyi kaɗai ba shaida ba ne, an sha fasa na jabu a tarar da ƙunshin yashi a ciki.

Abin da ya fi damun mai amfilifaya shi ne fawa banki mai kashe kansa. An tsara shi ya mutu in abin da ake ja ya yi ƙasa sosai, a zatonsa waya ta cika. Ƙaramar amfilifaya kuwa abin da take ja kaɗan ne, sai ka ga bayan ɗan lokaci fitilar ta mutu caji bai je ko'ina ba. Ka nemi mai tsarin cajin ƙananan kaya irin su agogo da iyafis marar igiya. A da yawa daga na Anker da Xiaomi, danna maɓalli sau biyu ko riƙe shi na ɗan lokaci ke kunna wannan tsari. Ka tambaya a shago, ka sa a gwada a gabanka.

Zafi ma abin lura ne. Batirin litiyam ba a so a caja shi in zafinsa ya wuce digiri 45, a watan Afrilu kuwa a Kano ko Sakkwato ko Damagaram iskar gari kanta na haura 40. Kada a bar shi a gaban mota, kada a caja shi ƙarƙashin matashi. In ka ga murfin amfilifaya ya fara ɗagowa, batir ne ya kumbura, a daina caji nan take. Mai gyaran waya zai iya canza shi, amma a tabbata sabon bolt ɗinsa ɗaya da tsohon, yana da ɗan allon kariyarsa, kuma jar waya da baƙa sun faɗa inda suke a da, domin kanun batiran nan ba duka aka jera su iri ɗaya ba.

Masu batirin bolt 9 da adafta

A nan aka fi yin asara. Batirin bolt 9 mafi araha, wanda ake sa wa makirfon da mita, na kabon da zinki ne, ba ya jimawa kuma yakan yi yoyo ya ci ƙarfen ciki. Alkalin ya fi shi, amma mai saurare kullum zai gaji da saye. Wanda ake sake cajawa na NiMH shi ne daidai. Ka duba jikinsa: akwai mai bolt 7.2, akwai 8.4, akwai 9.6, duk kuwa siffarsu ɗaya. Mai 8.4 shi ne aka saba da shi, kuma O2 guda biyu take ɗauka. Ƙarfinsu na gaskiya bai cika wuce 200 zuwa 300 mAh ba, wanda ya rubuta maka dubu a kan NiMH mai wannan girma ƙarya yake. Akwai sababbi na litiyam masu ramin USB a jikinsu. Suna da daɗin sha'ani, amma da yawansu ƙwaya ɗaya ce ta bolt 3.7 da ɗan injin ɗaga wuta zuwa 9, kuma injin nan kan zuba kuka cikin sauti. Sannan kada a taɓa sa na litiyam a cikin amfilifayar da ke cajin batirinta da kanta da tsarin NiMH.

Adaftar bango mai zagayen kai tana da tarko huɗu. Na ɗaya bolt. Na biyu wace ƙafa ce a tsakiya: a jikin adafta akwai ɗan zane mai nuna ko alamar + ce a tsakiyar ramin ko alamar −. Yawancin kaya + ne a tsakiya, amma adaftocin bolt 9 na kayan masu kaɗa jita − ne, kuma kan zai shiga lafiya lau kafin hayaƙi ya tashi. Na uku girman rami, domin akwai mai milimita 2.1 da mai 2.5, ido ba ya bambance su, sai dai ka ga wuta na ɗaukewa in an motsa. Na huɗu shi ne wanda ya fi kama mutane: O2 ba ta cin DC daga bango, adafta mai fitar da AC take so, ta wajen bolt 14 zuwa 20. Irin wannan adafta taransifoma ce zalla, ba ta daidaita kanta da wutar kowace ƙasa kamar cajar waya mai rubutun 100–240V. Wanda aka aiko masa da ita daga Amurka, ta bolt 120 ce, in ya cusa ta a soket ɗinmu ta gama aiki. A nemi ta 230.

Tsofaffin adaftoci masu nauyi da ba su da mai daidaita wuta a ciki sukan ba da fiye da abin da aka rubuta in ba a ɗora musu kaya ba, mai 12 ta nuna 16 ko fiye. Ƙaramar mita ta awon wuta ba ta kai kuɗin amfilifaya ba ko kusa, kuma duk mai gyaran rediyo na da ita in ba ka son saye.

Igiyoyi

Igiyar da ke ɗauko sauti daga waya zuwa amfilifaya, mai kan milimita 3.5 a gefe biyu, ita ce aka fi yi wa ƙarya. Ƙofar shigar amfilifaya tana da turjiyar om 10,000 ko sama. Igiya mai tsawon ɗani ɗaya turjiyarta ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na om guda ba. Azurfa ta fi jan ƙarfe wuce da wuta da kimanin kashi 6 cikin ɗari. Ka ɗauki kashi shida na abin da bai kai om ba ka ajiye kusa da dubu goma, ka gaya mini kunnen da zai ji wannan. An ce araha ba ta ado, to a nan tana yi.

Abin da za ka duba daban ne. Ta zama gajera, santimita 10 zuwa 15 in za ka haɗa waya da amfilifaya baya da baya da robar ɗaure kuɗi. Kanunta su zama masu lanƙwasa, don miƙaƙƙen kai a aljihu shi ke karya ramin na'ura, gyaran rami kuma ya fi igiya tsada nesa ba kusa ba. Wuyan kan ya kasance da roba mai laushi, wurin da igiya ke fara tsinkewa ke nan. Ruwan zinariya a kai ba ya ƙara daɗin sauti, tsatsa kawai yake hanawa, amma da damina hakan ma riba ce. Ka ƙirga baƙaƙen zobba a jikin kan: biyu ake so. Mai uku na iyafis mai makirfon ne, a wasu ramuka ba ya zama daidai. In ka ji muryar mawaƙi ta ɓace sai amon kiɗa kamar daga rijiya, ƙafar ƙasa ce ba ta haɗu ba, ko dai kan bai shige duka ba saboda rigar waya, ko ƙurar hunturu ta cushe ramin. Tsinken sakace, na'ura a kashe, ya isa ya fito da ita.

Kukan nan na dit-dit-dit da rediyo ke yi in kira zai shigo yana kama amfilifaya ma. Layin 2G ne, mai aika saƙo a dunƙule sau 217 a daƙiƙa. A birni bai cika damu ba yanzu, amma a hanya ko ƙauye inda waya ke faɗawa kan alamar E, zai dawo. Igiya mai saƙar kariya a ciki tana ragewa, raba wayar da amfilifaya da ɗan tazara ya fi ragewa, in kuwa abin da kake saurare yana cikin wayar ne, sa ta a yanayin jirgi.

A igiyar caji kauri na da amfani. Siririyar waya mai lamba 28 AWG tana da turjiyar kusan om 0.21 a kowace mita, wuta kuma zuwa take ta dawo, don haka igiya mai mita ɗaya za ta cinye kusan bolt 0.4 in ana jan amfiya 1. Mai lamba 24 ba ta cin ko rabin haka. A wannan ma'auni ƙaramar lamba ita ce mai kauri. Wasu na araha ma ba jan ƙarfe ba ne, alminiyam ne ko baƙin ƙarfe aka shafa wa ja. Sannan igiyar USB-C marar kyau na iya kisa: a farkon 2016 Benson Leung, injiniya a Google da ya ɗauki gwajin irin waɗannan igiyoyi a matsayin aikin sa-kai, wata da aka juya wayoyin cikinta ta ƙona masa kwamfuta, a watan Maris na shekarar kuma Amazon ya hana sayar da waɗanda ba su cika ƙa'ida ba.

In amfilifayarka ta USB take karɓar sautin, to igiyar sai mai ɗaukar bayanai, ba ta caji zalla mai waya biyu a ciki ba. Tsohuwar Android mai micro-USB na buƙatar igiyar OTG, iPhone mai Lightning na buƙatar adaftarsa ta kyamara ko igiyar da aka yi don haka, daga iPhone 15 na 2023 kuwa USB-C ne. Wasu wayoyin, irin su Oppo da Realme, sai an shiga saiti an kunna OTG, kuma yakan kashe kansa bayan minti goma in ba a yi amfani da shi ba. In ka ga batirin waya na zuba da sauri, wataƙila wayar ce ke cajin amfilifayar. Wasu amfilifayoyin na da ɗan maɓallin hana hakan.

Sai gargaɗi ɗaya mai tsada. Sababbin amfilifayoyi na zuwa da rami na biyu mai milimita 4.4 ko 2.5, wanda kowane kunne ke da wayoyinsa biyu daban. Hedifon na yau da kullum kuwa kunnuwansa biyu sun yi tarayya a wayar dawowa guda. Akwai adaftoci a kasuwa da za su ba ka damar cusa kan 3.5 a wannan rami. Kada ka saya. Haɗe ƙafafu biyu suke yi da bai kamata su taɓa juna ba, kuma hakan na iya ƙona amfilifayar. Akasin haka, wato hedifon mai igiyar 4.4 a sa masa adafta zuwa ramin 3.5, babu laifi. Mai babban kai na milimita 6.35 kuma ya nemi adafta mai ɗan jelar igiya, ba dunƙulalliya da za ta tsaya a ramin tana danne shi da nauyinta ba.

In za ka Farm Centre ko Beirut Road a Kano, ko duk kasuwar wayar garinku, tafi da amfilifayar da hedifon ɗin a jaka. Jona igiyar a gaban mai shago, kunna karatu ko waƙar da ka sani sarai, ka kama wuyan kowane kai ka murza shi hagu da dama. In sauti ya yi ƙaras ko kunne ɗaya ya ɗauke, miƙa masa kayansa. In kuma wadda kake da ita ce ta tsinke a wuya, ba sai an sayi sabuwa ba, mai gyaran rediyo zai yanke ya sa sabon kai da dalma. Ka dai tuna masa cewa siraran wayoyin cikin igiyar hedifon fenti ne a jikinsu maimakon roba, sai an ƙone shi da bakin ƙarfen dalma kafin ta kama.